Farantin Hajja Nayfa Ya Kwana Ashirin a Gidana

Zuwa ga Ummu Haisam,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na kai inda ko matata ta daina ba ni, ita da ta shekara arba'in da biyu tana ba ni ba tare da na roƙa ba. Ki kuma yi haƙuri da tsawon takardar nan. A gaban kakata na tashi, wadda in za ta gaya maka akuya ta ɓata sai ta faro daga ranar da aka sayo uwar akuyar, kuma ban iya wata hanyar ba da labari ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne a wani ƙauye cikin duwatsun Ajlun. Shekara talatin da huɗu na yi ina koya wa yara ilimin halittu, sannan aka sallame ni da takardar yabo da agogon bango. Shekara uku da suka wuce, da zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gidan, sai na tara mutum goma sha bakwai muka kafa ƙungiya. Abin da muka sa a gaba ba wani babban abu ba ne: mu bi tsirran da ke fitowa a duwatsunmu bayan ruwa, mu ɗauki hotunansu, mu jera su dangi-dangi yadda masana suka jera, mu rubuta sunan littafi a gefe ɗaya, sunan da iyayenmu ke kira a ɗaya gefen, mu bar wa makarantar ƙauye kundi. Jikokina sun san sunan kowane ɗan ƙwallo a duniya, amma ba su san sunan abin da ke tsirowa a bakin ƙofarsu ba.

Ranar da na raba aiki na fara tsufa da gaske. Na ce kowa ya ɗauki dangi guda ya riƙe. Sai ga mutum biyar suna rigima a kan masu fure mai kyau. Dangin na'a-na'a ya samu masoya saboda za'atar, ganyen ƙamshin da muke ci da burodi, yana ciki. Abu Ratib, maƙwabcina, tsohon soja, shi ya faɗa kan dangin karas, kuma har yau bai yafe mini ba. Ya ce duk kamarsu ɗaya, farar lema a kan sanda, ko a bariki ba a taɓa ba shi aikin wulaƙanci irin wannan ba. Dangin ciyawa kuwa babu wanda ya ko dube shi, sai ya dawo kaina.

Doka ɗaya na kafa. Kowane tsiro a yi masa hoto huɗu: shi gaba ɗayansa, ganyensa, furensa, da 'ya'yansa, a ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girmansa. Na maimaita har bakina ya gaji cewa fure ne ke nuna dangi, ganye yana yaudara. Abin da ake turo mini kuwa hoton babban yatsa ne, da hoton inuwar mai ɗauka, da hoton Abu Ratib da gashin bakinsa a gaba, tsiron kuma can a bayan kunnensa. Zauren da muka buɗe a waya don hotuna ya koma wurin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da tallar zuma. Ranar Asabar muke fita. In na ce ƙarfe bakwai, mota ba ta tashi sai tara, don ana jiran wadda ke gasa burodi, in mun isa kuma kafin in buɗe littafi an hura wuta an ɗora shayi. Mutum ɗaya ce ke yin aiki yadda aka ce, Rudaina mai kantin magani, ita ma sai ta samu wanda zai tsare mata kanti.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya fi cin raina shi ne mutanenmu ba sa ganin tsiro sai sun ga tukunya a bayansa. Kin san duk abin da muke ci daga dutse, kafin ya yi fure ake cinsa. Ni fure nake jira, su kuma a wurinsu fure alama ce ta an makara. Kowace mace da wuƙarta da jakarta take shiga mota. Mu dawo jakunkuna sun cika fal, kundi kuwa yana nan yadda yake.

Yanzu na zo kan Hajja Nayfa. Shekararta tamanin da uku. Tana budurwa ta goye ni, kuma har ranar da abin nan ya faru ba ta taɓa kira na Ustaz kamar kowa ba, sai ɗan Falha, da sunan mahaifiyata, ko da a gaban shugaban makaranta ne. Ba ta karatu, ba ta da waya. Ban ba ta dangi ba, ita ma ba ta nema ba, ta ce nata dangin huɗu ne tun kafin a haife ni: na ci, na magani, na awaki, da wanda ke kashe awakin. Ranar da na gaya musu akkub, tsiron dutse mai ƙaya da muke dafawa, shi da latas 'yan gida ɗaya ne, dariya ta yi har da hawaye, ta tambaye ni wane limami ne ya ɗaura auren iyayensu. Amma gaskiya ɗaya ce. Cikin tsiro ɗari biyu da goma sha biyu da ke kundinmu, sunan ɗari da hamsin daga bakinta ya fito. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin hoto. Sai ta murza ganye, ta shinshina, wani lokaci ta ɗora a harshe, sannan ta faɗi sunan, ta faɗi wadda ta koya mata, da abin da matar ta mutu da shi. Sauran sittin da 'yan kai suna nan babu suna, kuma ban san kowa a ƙauyen da zai ba su ba in ba ita ba.

Shafin akkub shi ne ciwona. Shekara uku babu hoton furensa, domin babu wanda ake bari ya kai ga fure. Bana, farkon Maris, na tarar da gindi biyar a bayan kangon da ake matse zaitun a da. Na kewaye su da duwatsu, na kafa sanda na ɗaura jan ƙyalle, na sanar a zaure sau uku cewa kada kowa ya taɓa. Mako biyar ina hawa wurin bayan kowane kwana biyu, da gwiwar da likita ya ce kada ta hau ko matakala. Da na ga kawunan sun kusa buɗewa, sai na ɗauki ƙungiya gaba ɗaya don su ga abin da haƙuri ke haifarwa. Ana ta hidimar shayi, ni ina ta gyara kyamara, ban lura Hajja ta yi gaba ba. Muna zagaya kangon sai ga ta zaune daram a kan duwatsun da na jera, wuƙa a hannu, duka biyar ɗin suna cikin zanenta. Ta ɗago fuska cike da murna ta ce Allah ya yi albarka ga wanda ya ɗaura jan ƙyallen nan, ya taimaki mai raunin ido.

Ummu Haisam, ban san ina da irin wannan murya ba. Na ce mata ba awaki suka cinye dutsen nan ba, jahilci ne, shekara saba'in tana aske shi, irinta ne za su bar wa jikokinmu tsakuwa. A gaban mutum goma sha biyar na faɗa, har da matar ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta goge wuƙar a gefen zane ta ce, “Ɗan Falha, waɗannan na tukunya ne, ba na iri ba.” Na ce ban tambaye ta ba. Ta tashi, ta ƙi shiga mota, ta kama hanyar gida da ƙafa, tafiyar sa'a guda, Rudaina ta bi ta riƙe da hannunta. Sai a mota matata ta tuna mini, a hankali, cewa sanarwar da na yi sau uku a waya na yi ta.

Washegari da azahar matar ɗanta ta yi sallama ta ajiye faranti, farin tangaran mai shuɗin baki, ta juya ta tafi. Akkub ɗina ne, an dafa shi cikin kindirmo da naman rago, babu ƙaya ko ɗaya. Na rantse ba zan ci ba. Matata ta ci rabi ta bar sauran a buɗe a gabana ta tafi salla. Ba zan yi miki ƙarya ba, na sa burodi na share shi tas, kuma tun rasuwar mahaifiyata ban ci irinsa ba. Na yi kaffarar rantsuwa, amma wannan ba ta rage mini komai ba.

To kin san ba a mayar da farantin mutane babu komai a ciki. Wannan aikin mata ne, kwana biyu an gama. Amma matata ta wanke shi ta ɗora mini a kan kundi, ta ce wanda ya yi ihun shi zai cika shi. Yau kwanansa ashirin. In zan yi aiki sai in ɗaga shi in ajiye a kujera, in na gama in mayar. Abu Ratib ya leƙo rannan ya gan shi, ya tambaye ni da fuskar neman ilimi wai faranti a wane dangi yake. Asabar uku ke nan Hajja ba ta fito ba, matan kuma suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwon baya, waccan baƙi. Yau mu shida muka fita. Makon jiya na haɗu da ita a gidan wata ta'aziyya, na gaishe ta, ta amsa da ladabi sosai ta ce, “Lafiya lau, Ustaz.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada ki ɗauka ba ni da gaskiya ko kaɗan. Akkub yana ƙarewa. Muna yara a bayan gida muke samunsa, yanzu sai an yi tafiya. Masu zuwa daga birni da magirbi suna tumɓuke shi har saiwa su jera a bakin titi. Wani ya kamata ya yi magana. Sai dai na san ba ga wadda ta kamata na yi ba.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Mako uku ya rage dutse ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ita kuma sai da ɗanyen ganye take ba da suna. Ɗanta zai ɗauke ta zuwa birnin Zarka a yi mata aikin ido da zarar zafi ya shigo, ya kuma ce ba za ta dawo zaman ƙauye ita kaɗai da matarsa ba, duk can za su koma. In bana ta wuce, sunayen nan sittin sun tafi da ita. Ni kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa. Na gaji da kiran mutane, da jiran mota, da share hoton yatsa. Wani lokaci ina ji kamar in kai wa makaranta kundin yadda yake, in rufe ƙungiya, in koma ga 'yan itatuwan zaitun ɗina, waɗanda nake tsinkar 'ya'yansu in jiƙa da hannuna kuma ba su taɓa turo mini gaisuwar Juma'a ba. In rufe ɗin? Farantin kuma, in sayo kayan zaƙi a kanti in ba ƙanwar matata ta kai, ya wadatar?

Naki,
Tsohon malami mai riƙe da farantin mutane

*

Wa alaikumus salam, Ustaz.

Na karanta takardarka sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ban yi ba. Bari in fara da inda kake da gaskiya, don ka samu ƙarfin jin sauran. Akkub yana raguwa, haka ne, a wajenmu ma. Aikin da ka ɗauko aiki ne na kirki, kuma wanda ya hau dutse mako biyar da gwiwa mai ciwo yana da haƙƙin ransa ya ɓaci. Gajiyarka ma ta gaskiya ce. Kai ne shugaba, kai ne mai kiran mota, kai ne mai tace hoto, kai ne mai dangin ciyawa. Ko saurayi ne sai ya rame.

Amma ka zagi matar da ta goye ka, a gaban matar ɗanta, a kan dokar da ba ta taɓa isa kunnenta ba. Ka san wannan, shi ya sa takardarka ta yi tsawo.

Ka taɓa gyara akkub? Na tabbata ba ka taɓa ba. Ni na yi. Almakashi ake sawa ana bin ƙaya ɗaya bayan ɗaya, mai ido biyu ma sai yatsunta sun yi jini. Mace mai shekara tamanin da uku, wadda ba ta gani sosai, ta zauna ta lalube gindi biyar da hannu har ba ta bar ƙaya ko ɗaya ba, ta sa nama, ta aiko maka. Akwai tsokana a ciki, ban musa ba, irin matan nan ba sa aiko da sulhu babu ɗan yaji. Amma wanda ya yanke ka ba ya aiko maka da farantin da dole sai ya dawo. Ita ta fara buɗe ƙofa tun washegari. Kai ne ka bar ta a tsaye kwana ashirin, kuma ina zaton wannan ya fi ihun yi mata zafi.

Sannan ka rubuta mini wata magana da hannunka amma ba ka ji ta ba. Ta ce waɗannan na tukunya ne, ba na iri ba. Wanda ya raba na tukunya da na iri ya san inda na iri suke. Shekara saba'in tana yanka a dutse ɗaya kuma har bana ta samu abin yanka, ka ɗauka da kansa yake dawowa? Matan da na sani suna yanka sama su bar saiwa, kuma kowacce tana da wani lungu mai wuyar hawa da ba ta kai wa wuƙa, ba ta kuma nuna wa kowa. Shekara uku kana neman furen akkub, mai sanin wurinsa tana zaune a bayanka cikin mota. Ka tambaye ta suna ɗari da hamsin, ba ka taɓa tambayarta wannan ba. Yanzu ne ma lokacinsa, in ka hanzarta.

Kada ka rufe ƙungiya cikin makonni ukun nan. In zafi ya shigo kana nan kan bakanka, sai ka rufe da hankali kwance, ba don gudun kunya ba. Kafin nan ka sauke kaya. Ka ba Abu Ratib mota da lokaci, soja ne, zai ji daɗin samun waɗanda zai yi wa tsawa bisa ƙa'ida. Ka roƙi Rudaina ta riƙe tace hotuna, a buɗe wani zaure na hoto zalla a bar wa masu zuma na farko. Ka daina yaƙi da wuƙa da shayi, su ne suke kawo maka mutane. Ka ce dai hoto tukuna sannan wuƙa, kuma duk dokar da za a kafa a faɗe ta da baki a cikin mota. A kundin ka ƙara layi guda a ƙarƙashin kowane tsiro: na ci ne, na magani, na awaki, ko mai kashe su. Yaran makarantar nan za su fi buƙatar wannan layin, kuma ka rubuta sunan Hajja, tunda rabon nata ne. In ta yarda, a ɗauki muryarta a waya tana ba da sunayen. Ba sai ta hau dutse ba ma, a kawo mata ganyen har tsakar gida. Inda ta nuna maka kuwa, ka ɗauki hoton furen, kada ka rubuta wurin, kada ka ɗaura masa jan ƙyalle.

Duk wannan bayan faranti ne. Kayan zaƙin kanti ba za su yi ba, ƙanwar matarka ma ba za ta yi ba, matarka ta gaya maka gaskiya. Hajja da yatsunta ta cika shi, kai ma ka cika shi da abin da hannunka ya yi. Ka zuba zaitun ɗin nan naka. Gobe da hantsi, lokacin da mutane ke zaune a ƙofofinsu, ka ɗauke shi da kanka ka bi ta tsakiyar ƙauye, kada ka ɓoye shi a jaka. A gaban mutane ka yi laifin, a bar mutane su ga ka ɗauko shi. In ka shiga ka sumbaci kanta, ka ce ka yi kuskure, a gaban matar ɗan nata, kada ka haɗa da “amma”, kada ka kawo zancen masu magirbi. Ranar kada ka tambaye ta suna ko ɗaya, kada ka tambaye ta inda na iri suke. Ka sha gahawarka, ka gaya mata ka cinye abincin har ka share da burodi. Za ta so jin wannan.

Sai ka kasa kunne lokacin sallama. In ta ce ka gaida gida, ɗan Falha, to an gama, ka tanadi takalmin hawa dutse. In ta ce Ustaz, ka koma jibi, ko babu faranti.

Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya buɗe idon Hajja, ya nuna maka furen da kake nema tana tsaye a gefenka tana yi maka dariya.

Ummu Haisam